Gwaggo Mai Faci da Safar Hagu

A layin da ke bayan kasuwar kifi, tsakanin wurin wankin mota da wani shago da ba a taɓa ganinsa a buɗe ba, akwai wata ƙofa da ba ta bukatar allon talla. Takalman roba ne rataye a jikinta, baki ƙasa dunduniya sama, baƙaƙe da koraye da farare irin na mahauta, kusan kowanne da tabon faci. In warin gam bai gaya maka ka iso ba, to waɗannan za su gaya maka. Nan ne ɗakin aikin Gwaggo Mai Faci, kuma daga cikinsa akwai wata ƙofar da ke shiga tsakar gidanta.

Gajeruwar mace ce mai kaurin damtse, bakinta kuma ba ya ajiyar magana. Kayan aikinta ba su da yawa: babban almakashi da ba ta yarda kowa ya taɓa, samfefa ta kankare roba, alli, gwangwanin gam, wata kwalba mai santsi da take murza faci da ita, da tsofaffin robobin cikin taya da ta rataye a ƙusa gwargwadon kaurinsu. Masu wankin mota suna kawo mata takalmansu, da masu yasar kwata, da matan da ke gyaran kifi, da mafarautan fadama. Duk wanda ya kawo takalmi da laka a jiki, sai ta nuna masa famfo da haɓa. Roba take gyarawa, in ji ta, ba ƙazantar mutane ba.

Wurin mahaifinta ta koyi aikin. Shi mai facin taya ne a bakin tashar mota, ita kuma ana aikenta kai masa abinci, sai ta ƙi komawa gida. A gefen bahonsa ta girma, tana kallon yadda yake cika tiyub da iska har ya yi tauri, ya riƙa juya shi a hankali cikin ruwa yana jiran ƙwayar kumfa ta taso. Wata rana ta tsoma wani a sace saboda ƙiwar buga famfo, ta ce masa ba huji. Bai yi faɗa ba. Ya karɓa ya cika shi, ya mayar cikin ruwan, kumfa ta jero kamar ana kiranta.

“Tiyub ɗin da ba iska ƙarya yake miki,” ya ce. “Ki sa shi a halin da yake ciki in yana ƙarƙashin mota, sannan ki tambaye shi.”

A wurin nan kuma mijinta ya same ta. Wani saurayi ne ya iso da takalmin ruwa a hannu, dogo har sai da ya sunkuya ya shigo rumfa, ƙafafunsa kuwa abin kallo. Saboda girman ƙafafun nan ake ce masa Kwalekwale, kuma ko ransa bai so ba sunan ya bi shi har tsufa. Mahaifinta ya ce shi ba ya gyaran takalmi. Ita ta karɓa ta gyara. Bayan ’yan kwanaki saurayin ya dawo da ɗaya takalmin, wai ƙaya ta yage shi. Ta duba yagar, miƙaƙƙiya fes, ba ko ɗan zaro.

“Wannan ba ƙaya ba ce,” ta ce. “Wuƙa ce.”

“Ƙaya ce,” ya ce, yana kallon rufin rumfa.

Ta tura masa benci da ƙafa, ta ce ya zauna, gam sai ya sha iska kafin a manna. Ya zauna. Ranar gam ya sha iskar da bai taɓa sha ba a rumfar nan. Tun daga lokacin yake kiranta Mai Faci, bai sake ba ko a gaban surukai. Da tayoyi marasa tiyub suka zo suka rage wa mahaifinta aiki, ita tuni ta yi nisa a takalma, ta buɗe ɗakin ƙofar gidan mijinta ta rataye ƙusoshinta. A nan ta yi goyo, a nan ta yaye, ’ya’yanta duk sun tashi suna bambance warin gam mai kyau da wanda aka tsinka.

Shi Kwalekwale direban motar kifi ne har ya ajiye aiki, amma wannan abin da yake ci da shi ne kawai. Abin da yake rayuwa dominsa fadama ce. In ruwa ya cika, agwagin ruwa suka sauko, mutumin nan ba ya zaunuwa. Yana da wandon ruwa, irin na roba da ke haɗe da takalminsa ya tashi har ƙirji da maɗauri a kafaɗa. Wani injiniya ne da ya zo aikin gada ya bar masa shi, mutum mai girman ƙofa, kuma wandon nan kaɗai ne abin da aka taɓa ƙerawa a duniya da ya shiga ƙafar Kwalekwale ba tare da kokawa ba. Gwaggo ta san wandon nan fiye da yadda ta san bayan hannunta. Ƙaya, waya, fasasshiyar kwalba, haƙorin ɓera, ba abin da bai taɓa shi ba, kuma ba wanda ba ta rufe ba. Sai dai ita ba ta taɓa zuwa fadamar ba. Me za ta je yi a wurin da babu komai sai ruwa da sauro?

Ana nan ciwon sukari ya kama shi, daga baya wani ɗan miki ya fito masa a ƙasan babban yatsan ƙafar hagu. Abu kamar wasa ya ƙi warkewa. Sai da aka kwantar da shi a asibiti, a gado kusa da na wani dattijo da ya shigo da ƙafa biyu ya fita da ɗaya. Autarsu, wadda ma’aikaciyar jinya ce, ita ta ɗauki wankin mikin a kanta safe da yamma, wata bayan wata, har Allah ya sa ya rufe. Ranar da ta cire bandeji na ƙarshe ba ta bari ya gama murna ba.

“Baba, fadama kuma sai haƙuri. Ruwan can ba ruwan famfo ba ne. In ya jiƙa ƙafar nan ta wuni a ciki, za mu koma inda muka fito, kuma ban yi maka alkawarin za mu dawo da ita ba.”

“To wandon ruwan fa, na ado ne?” ya ce. “Tambayi uwarki ko ya taɓa zubar min da ɗigo.”

Gwaggo ta ji daɗin maganar, ba ta ɓoye ba. Ta ce wandon da ya fita daga hannunta ko a teku aka jefa shi ba zai sha ruwa ba. Auta ta kalli uwa ta kalli uba, ta ga sun haɗe mata kai, sai ta kafa sharaɗi. Za ta sayo farar safa. Zai sa ta in zai tafi, in ya dawo ita za ta cire da hannunta. Muddin safa na dawowa a bushe, ba ta da ta cewa. Ranar da ta dawo a jiƙe, magana ta ƙare.

Tafiyar farko, safar dama ta dawo a bushe, ta hagu sharkaf. Gwaggo ta ce gumi ne, mutum a cikin roba ai dole ya yi gumi. Auta ta tambaya ko ƙafa ɗaya ce ke gumi. Gwaggo ta karɓi safar ta shinshina, sai ta ji warin laka ne da ruɓaɓɓiyar ciyawa, ba ya ɓuya. Ta roƙi arziki a sake ba ta dama, ta ɗauki wandon ta shige ɗakin aiki. Tunda a ƙafa ruwan ya taru, a ƙafa ta nema. Ta sami wani ɗan karce a dunduniya, ta kankare ta shafa gam ta manna. Ta bi mahaɗar takalmi da wando ta zagaye ta da sabuwar roba. Sannan ta rataye shi a katakon rufi, ta ɗura masa ruwa har cinya, ta shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa. Ya wuni a rataye, kwali bai ga ɗigo ba. Ta zubar da ruwan, ta kai shi ɗakin ajiya mai duhu, ta zura tocila ciki tana neman inda haske zai leƙo. Bai leƙo ba.

Tafiya ta biyu, safar hagu ta sake dawowa a jiƙe. Wannan karon kuma yatsan ya yi ja.

Auta ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Tana durƙushe tana goge ƙafar ubanta da auduga, hawaye na sauka a kan hannunta, ta ce, “Umma, ke sunanki kike karewa, ni ƙafar ubana nake karewa. Ba za a yanke masa ita don a ce facinki ba ya yoyo ba.”

Maganar ta shiga Gwaggo har ƙashi. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne akwai gaskiya a ciki. Ta tsorata ƙwarai. Ta tuna dattijon nan na asibiti da yadda bargo ya kwanta shafal a inda ƙafarsa take a da. Ta naɗe wandon da kanta ta jefa bayan ƙofa, ta ce an gama.

Jan yatsan ya baje da magani. Auta, don kada a ce ba ta da tausayi, ta shiga neman sabon wando. Ta zaga shaguna, masu shago suna jin lambar ƙafar suna dariya. Ta sa aka aiko da mafi girma daga wani wuri mai nisa. Da ya iso Kwalekwale ya zura ƙafa, ta tafi rabi ta tsaya, sai da mutum biyu suka ja kafin ta fito. Aka mayar da shi cikin kwalinsa.

Daga nan mutumin ya fara zubewa. Ba ciwo ba ne, likita ma ya ce jininsa ya daidaita. Zama ne. Ya ɗauko kujera ya ajiye a tsakar gida, a nan yake wuni. Ya goge bindigarsa ya rataye, washegari ya sauko da ita ya sake gogewa, daga baya ma ya daina. Abokan farautarsa in sun biyo su gaishe shi, sai su riƙa labarin tsadar mai da ciwon baya, kowa na kauce wa kalmar agwagwa. Abinci ya koma tsakura. Mutumin da ba ya wucewa ta ɗakin aiki bai tsokane ta ba, ya ce Mai Faci yau kunnen wa za a liƙe, sai ya zama yana wucewa shiru kamar baƙo. Gwaggo tana gani. Ta gane an tsirar da ƙafa amma mai ƙafar yana tafiya a hankali, kuma ba ta san wanne za ta fi jin tsoro ba.

Aikinta ma ya canza. Ta riƙa duba faci sau biyu sau uku kafin ta miƙa wa mai shi. Wani mai wankin mota ya yaba mata, ta ce ya je ya gwada tukuna, ya daina saurin yabo. A ranta tana tunanin ko idon ne ya tafi, ko hannun. Mutum yakan tsufa bai sani ba, sai aiki ya gaya masa.

Wata ranar da la’asar tana zaune tana kankare wani farin takalmin mahauci, ƙofar cikin gida a buɗe, sai ta ji kukan agwagi daga sama. Garke ne ya biyo ta kan unguwa zai wuce fadama. Kwalekwale yana tsaye a tsakar gida da sandarsa, ya taso ke nan daga kujera. Kafin ta ƙifta ido mutumin ya zube a kan gwiwar hagu, ya duƙar da kai, ya ɗora sandar a kafaɗa, yana bin garken da bakinta a hankali har suka ɓace bayan rufin maƙwabta. Jikinsa ne ya yi, bai shawarce shi ba. Da suka wuce ya daɗe a durƙushe, sannan ya waiga ko wani ya gan shi, ya fara fafutukar tashi.

Tausayinsa ya kama ta. Ta ajiye takalmin za ta je ta kama shi. Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya cak, domin idonta ya sauka a kan gwiwar, inda yadin wandonsa ya ja ya yi tamau kamar zai tsage.

“Baban Auta, kada ka tashi.”

“Abuna nake nema, ya faɗi,” ya ce.

“Na ga abin, ya tashi sama. A cikin ruwan ma haka kake durƙusawa?”

Ya kalle ta kamar ta tambaye shi ko da baki ake cin abinci. “Agwagwa ba makauniya ba ce, Mai Faci. Mutum kamata in ya tsaya a miƙe, ai tun daga nesa za su canza hanya. Dole in nutse har ƙirji in ɓuya cikin ciyawa.”

“Kullum a kan ta hagu?”

“To bindiga a dama take.”

Duk shekarun nan tana gyaran wandon, a miƙe ta san shi. A miƙe yake zuwa hannunta, a miƙe take rataye shi, a miƙe ta ɗura masa ruwa ta tambaye shi, shi kuma ya shirga mata ƙarya. Ta ji muryar mahaifinta a kunne sarai, har da ɗan tarin nan nasa. Ta jawo wandon daga bayan ƙofa, ta kakkaɓe ƙura, ta rataye, ta sa Kwalekwale ya riƙa miƙo mata bokiti har ƙafar hagu ta cika ta wuce gwiwa. Ba ɗigo, kamar dai da. Sai ta kama ƙwaurin da hannu biyu ta lanƙwasa shi baya.

Wani siririn ruwa ya fito da ƙarfi ya same ta a tsakiyar goshi.

Ta saki, ya tsaya. Ta lanƙwasa, ya sake feso ta. Gwaggo ta fashe da dariya, ruwa na gangara mata ta hanci, ta yi ta lanƙwasawa tana saki kamar yarinya ta sami abin wasa. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Tana ɓoye a ƙarƙashin leɓen robar da masu ƙera wandon suka ƙara a gwiwa don ƙarfi, in ƙafa na miƙe sai ta haɗe bakinta ruf. Daga nan ruwan ke shiga ya bi ƙwauri ya gangara ya taru a safa, ita kuma tana can ƙasa tana faci a inda ba laifi.

Ba ta gyara a ranar ba. Ta zana da’ira da alli a wurin, ta bar wandon a rataye da ruwansa har Auta ta biyo daga aiki da fararen kayanta.

“Umma, na ɗauka mun gama da wannan.”

“Mun gama. Kama nan kawai ki lanƙwasa min, hannuna ya gaji.”

Auta ta kama ta lanƙwasa, ruwan ya same ta a wuyan riga. Ta ja da baya, ta kalli rigarta, ta kalli uwarta da ke ƙunshe dariya, ta sake matsowa ta lanƙwasa a hankali tana leƙen tsagar yadda take buɗewa. Ita ma mai neman inda ciwo yake ce, ta san bambancin wanda ya yi dace da wanda ya gano. Ubanta yana tsaye a bakin ƙofa, yana jiran hukuncinta.

“Sau ɗaya,” Auta ta ce. “Kuma da ni za a je. In na ce fito, ka fito.”

“Da ni ma,” Gwaggo ta ce. Su biyun suka juyo suna kallonta.

Facin nan ta yi shi kamar ba ta da wani aiki a duniya. Ta juye ruwan, ta bar wandon ya bushe ciki da waje a inuwa, don rana tana cin roba. Ta ƙi tiyub ɗin mota saboda kaurinsa ba zai bi gwiwa ba, ta zaɓi na keke, mai laushi da miƙewa. Ta yanka shi da faɗi, ta zagaye kusurwoyin don kada su sami bakin ɗagowa. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta cusa guntun icce mai kauri cikin ƙafar wandon, ta lanƙwasa gwiwar a kansa ta ɗaure, yadda tsagar za ta zauna a buɗe kamar mai shi yana durƙushe. A haka ta ɗaga leɓen robar ta kankare, a haka ta shafa gam. Ta jira har ya daina kama bayan yatsa. Ta manna, ta murza da kwalbarta daga tsakiya zuwa baki har damtsenta ya yi tsami. Da wannan ya kama, ta juya wandon ta yi masa wani ta ciki.

Kwalekwale kuwa ya zame mata ƙarfen ƙafa. Ya dawo da kujerarsa bakin ɗakin aiki, yana tambaya ko ya bushe, ko a kai shi rana ya yi sauri, ko a hura masa. Ta ce in ya taɓa shi sai ta liƙe masa yatsu. A ranar ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Da gam ya gama kamawa ta sake ɗura ruwa, ta ɗaure gwiwar a lanƙwashe, ta bar ta haka wuni guda a kan kwali. Kwali ya tashi a bushe.

Da sassafe suka tafi, cikin motar wani abokin farautarsa. Gwaggo ta sa wasu ƙananan korayen takalma da mai su ya manta da su tun bara. Da ta ga fadamar ta ce dama abin ke nan, ruwa da ciyawa, sai sauro da ya tarbe ta kamar ya san ta. Amma da mijinta ya ɗaure maɗaurin a kafaɗa ya taka cikin ruwan, sai ta kafa masa ido. Mutumin da ke jan ƙafa a tsakar gida, ga shi yana ratsa ciyawa ba ƙara, ba ko fantsama, ƙafafun nan da ake yi wa dariya suna taka laka ba sa nutsewa. Ta yi zaman aure da shi har furfura, ba ta taɓa ganinsa a inda ya fi kyau ba sai yau.

Ya kai wani gungun ciyawa, ya sauka a kan gwiwar hagu. Ruwa ya hau har ƙirjinsa. Gwaggo ta ji kamar a kan zuciyarta ya durƙusa. Tana ganin facin a ranta, yana miƙewa, ruwa na danna shi ta kowane gefe. Auta na gefenta da jakar magani, ta kama hannun uwarta ba ta ma san ta kama ba. Suka tsaya haka, rana na tasowa, sauro na cin rabonsa.

Agwagi suka zo. Bindiga ta tashi sau ɗaya. Can sai ga shi yana dawowa, guda a hannu yana ɗaga ta sama, fuskarsa kamar ta angon farko. Ba wadda ta kalli agwagwar. Suka zaunar da shi a kan dutse, suka kwance maɗauri, suka saɓule wandon a hankali, uwa na jan dama ’ya na jan hagu.

Safar hagu ta fito fara tas. Auta ta shafa ta daga ƙwauri zuwa yatsu. Ta matsa dunduniyar da auduga ta duba audugar. Ta cire safar, ta bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta kai safar hanci ta shinshina, yadda ta ga uwarta ta yi.

“A bushe take,” ta ce. “Umma, a bushe take. Maganar nan da na faɗa miki…”

“Gaskiya kika faɗa, shi ya sa ta yi zafi,” Gwaggo ta ce. “Mayar masa da safarsa kada sanyi ya kama shi.”

Daɗin da ta ji a bakin ruwan nan ba ta taɓa jin irinsa a aiki ba, kuma ba ta yi kawaicin ɓoye shi ba. Ta ɗaga wandon ta nuna wa abokin farautar facin, ta nuna wa wasu masunta da ke wucewa waɗanda ba su tambaye ta ba. Kwalekwale yana zaune da ƙafa ɗaya a cinyar ’yarsa, idanunsa sun cika sun fara zuba. Ya ce hayaƙin bindiga ne. Gwaggo ta ce to ya yi ta fama, ita wannan yoyon ba ta da robarsa.

Tun daga ranar aka sami sabuwar doka a layin bayan kasuwar kifi. Duk wanda ya kawo takalmi ko wandon ruwa yana yoyo, kafin Gwaggo ta karɓa sai ta ce ya nuna mata yadda yake tsayuwa a wurin aikinsa. Za ka wuce ka ga ƙaton mahauci ya tsuguna a bakin titi yana yankan iska, ko mai yasar kwata ya ɗage dunduniya yana tura shebur ɗin da babu, Gwaggo na zagaya shi da alli a hannu. Suna gunaguni, amma suna yi, domin abin da ya fita daga ɗakin nan ba ya dawowa. Kwalekwale yana zuwa fadamarsa, ba kullum ba, kuma ba ya daɗewa, Auta ba ta sassauta wannan ba. Fararen safa suna shanye a igiya, ana sauya su.

Wata safiya tana cikin aiki ya shigo ta ƙofar titi, ba ta cikin gida ba, ya yi sallama kamar baƙo, ya sunkuya saboda takalman da ke rataye. Wani tsohon takalminsa ne a hannu, gajere, wanda ya daɗe da daina sawa. Ya ajiye mata a kan tebur ya ce ƙaya ta yage shi. Ta ɗauka ta juya shi wajen haske. Yagar miƙaƙƙiya ce fes, ba ko ɗan zaro.

“Wuƙa ce,” ta ce.

“Ƙaya ce,” ya ce, yana kallon rufi.

Gwaggo ta sa ƙafa ta turo masa benci, ta jawo gwangwanin gam ta buɗe.

“Zauna,” ta ce. “Sai ya sha iska.”